Disk ɗin da ya faɗi da wanda caja ta ƙona: wanne ake iya cetowa a gida?

Wani ɗan'uwa mai studiyon hoto a Tahoua ya kawo tambaya. Disk dur biyu suka tsaya masa, dukansu maƙil da hotunan bikin mutane. Na farko ƙarami ne na aljihu, tera 1, ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Yanzu in an sa shi sai ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru, ya sake. Na biyu babba ne mai akwati da cajarsa daban, yaron shago ya soka masa cajar kwamfutar hannu, tun ranar ko motsi bai sake yi ba. An ba shi shawara uku: manhajar dawo da fayiloli mai suna Recuva, sa disk ɗin a firigo, ko a buɗe a duba.

Malam, wanda ya yi tsit ɗin nan shi ya fi alamar tashi. Mai ƙas-ƙas kuwa, zare shi daga wuta, kar ka ƙara sa shi ko da sunan gwaji.

Mu fara da babban, don shi ne aikin hannunka. Babban disk irin wannan, mai inci 3.5, wuta iri biyu yake ci, volt 12 da volt 5. Cajar kwamfutar hannu yawanci volt 19 take bayarwa, kuma sau da yawa bakinta ya zauna daram a ramin akwatin. A kan allon da ke bayan disk, dab da inda wuta ke shiga, akwai ƴan diyod baƙaƙe guda biyu da ake kira TVS, ɗaya na layin 12, ɗaya na layin 5. In wuta ta wuce kima sai diyod ɗin ya haɗe layin da ƙasa, ya ƙone shi kaɗai, sauran kayan su tsira. Shi ya sa disk ɗin ke shiru alhali faifan da ke cikinsa, inda hotunan suke, lafiya lau.

Fitar da shi daga akwatin ka haɗa shi kai tsaye da waya SATA a kwamfutar tebur, domin wani lokaci ƙaramin allon USB na akwatin ne kaɗai ya ƙone. Amma kar ka jefar da allon nan: wasu akwatunan WD My Book suna kulle bayanai da shi, in babu irinsa shirme za ka gani. Idan kwamfutar ta ɗauke da zarar ka kunna ta da disk ɗin a jiki, alamar TVS ce. Kwance allon da ke bayan disk ɗin da turnabis mai bakin tauraro, Torx T8 ko T6, ka auna kowane diyod da miltimita, na'urar auna wuta. Wanda ya nuna kusan sifili ta fuska biyu shi ne ƙonannen; ɗauke shi da ƙarfen dalma. Ka auna ɗan fiyus ɗin da ke gefensa a wasu alluna, in ya yanke a haɗe shi. Disk ɗin zai iya juyawa babu diyod, sai dai ba shi da sauran kariya, don haka kwashe kaya kawai za ka yi da shi.

In ka ga wani guntu ya kumbura ko ya huje, yana warin ƙuna, sai an nemo allo mai lamba iri ɗaya. A jikin allon ake karanta lambar: na WD kan fara da 2060, na Seagate da 100. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki, su ɗaura sabon allo su ga bai tashi ba, su ce disk ya mutu. Kowane disk yana da saitinsa na masana'anta a cikin wani ɗan guntu mai ƙafa takwas, ROM, lambarsa yawanci da 25 take farawa. Dole a ciro shi daga tsohon allo a dasa a sabon, ba tare da an juya masa fuska ba. Mai gyaran salula da ya iya na'urar iska mai zafi zai yi shi cikin ƴan mintoci. Ku tsaya a kansa har ya gama, ɓatan guntun nan ya fi ƙonewar allon muni. Akwai allunan da ROM ɗinsu ke cikin babban guntu. Waɗannan sun fi ƙarfin shago.

Ƙaramin da ya faɗi, ciwonsa a ƙarƙashin murfi yake. Faifansa na juyawa sau 5400 a minti, allurar karatu kuma tana shawagi a kansa da tazarar ƴan nanomita, ba ta taɓa shi. Da ya bugi ƙasa yana aiki, allurar ta daki faifan. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji hannun allura ne ke fita neman alamomin hanya, ya rasa, ya koma. Kowace fita, lanƙwasasshiyar allura tana iya kankare fatar maganaɗisun da hotunan ke kai, garin da ta kankaro kuma ya shiga ƙarƙashin sauran allurai. Wurin da ya kankaru ya tafi ke nan, ko wa aka kai wa.

Buɗe shi fa? Ƙwayar ƙura mai faɗin maikuron ɗaya ta ninka tazarar allura sau ɗari ko fiye, kai kuma ka san iskar Tahoua lokacin hunturu. Masu wannan sana'a a kan tebur mai tace iska suke buɗewa, su ɗauko allurai daga wani disk da ya dace da shi sosai, su raba su da ɗan mataji na musamman kada su manne da juna, sannan su karanta faifan allura bayan allura da na'ura irin PC-3000 ta kamfanin ACE Lab. Turnabis da ƙarfin hali ba sa maye gurbin wannan, kuma disk ɗin da aka riga aka buɗe kuɗinsa ya fi yawa a wurinsu, wasu ma ba sa karɓa. Firigo kuwa raɓa yake tara wa faifai da zarar an fito da shi cikin zafi. A bar wannan magana. Naɗe ƙaramin disk ɗin da soso, ka nemi ƙwararru ko da sai an aika waje, ka tambaye su tun farko ko suna da tebur mai tace iska da abin da za su caje ka in aikin bai yi ba.

Saura Recuva. Don fayil ɗin da aka goge a disk mai lafiya aka yi ta. A kan mara lafiya takan yi ta yawo gaba da baya, ta tsaya tana nanata wurin da ya lalace har disk ya ƙarasa. Chkdsk, mai gyara kurakuran disk na Windows, ya fi ta ɓarna tun da rubutu yake yi a kai, kuma in Windows ya ce a yi format, ka ce a'a. Ddrescue, manhajar kwafe disk mara lafiya, ɗabi'arsa daban: kamar mai ɗibar ruwa a rijiyar da ta fara zabtarewa, mai sauƙin yake fara kwashewa, ya tsallake wurin wahala sai daga baya.

In babban ya tashi, tada kwamfuta da kile mai ɗauke da SystemRescue, tsarin ceto bayanai da ddrescue ke cikinsa, ka tanadi wani disk da ya fi shi girma. Duba sunayensu da lsblk -o NAME,SIZE,MODEL sau biyu, don in ka juya mai bayarwa da mai karɓa, kai da kanka ka shafe hotunan. Zagayen farko (a wannan misalin /dev/sdb shi ne disk mara lafiya, /mnt/sabo kuma wurin ajiye kwafi a sabon disk):

ddrescue -n /dev/sdb /mnt/sabo/kwafi.img /mnt/sabo/taswira.log

Na biyu shi ne dai, a sa -d -r1 a gurbin -n. Fayil ɗin taswira shi ke riƙe inda aka tsaya, in kuran ya ɗauke sai a ci gaba daga nan. Duk da haka a sa ondular, a kuma kunna wa disk ɗin fanka, musamman a zafin Afirilu da Mayu. Tera 1 mai lafiya kan ɗauki kimanin awa 3, mai raunuka yakan kwana biyu ko fiye. In ya fara ƙas-ƙas ana cikin kwafi, a tsayar nan take: mai yiwuwa wutar ta kai ga guntun da ke kan hannun allura a ciki, ya koma sahun ƙaramin.

A kan kwafi.img za ka yi sauran bincike. Fara da TestDisk ko DMDE, su kan dawo da fayiloli da sunayensu da jakunkunansu. PhotoRec sai in sun gaza, don shi lambobi yake ba hotuna a madadin suna, kai da yaranka sai kun zauna kun tantance bikin wa da wa ta kwanan watan da kyamara ta rubuta a cikin kowane hoto.