Kafin Ka Zaɓi Ontoloji, Ga Alƙaluman Da Za Ka Duba

Ontoloji tsari ne na rukunan ilimi da alaƙar da ke tsakaninsu, a rubuce yadda kwamfuta za ta gane. Mai son tsara bayanan cututtuka zai iya samun kansa tsakanin SNOMED CT, mai rukunai sama da 300,000, da Disease Ontology, mai sama da 10,000. Kada yawan ya ruɗe ka. Na farko ya haɗa har da tiyata da sassan jiki, kuma sai da lasisi. Na biyu cututtuka zalla ne, kyauta kuma.

Fara da shafin BioPortal, inda aka jera alƙaluman kowanne. Duba adadin rukunan da ke da 'ya'ya (wato ƙananan rukunan da ke ƙarƙashinsu kai tsaye) fiye da 25: idan sun yi yawa, an jibge abubuwa ne ba a rarrabe su ba. Rukuni mai ɗa guda tilo kuwa yakan nuna aikin da aka bari rabi. Wanda ya fi muhimmanci a ganina shi ne yawan rukunan da ba su da ma'ana a rubuce, don a nan ne ma'aikata biyu za su saka cuta ɗaya a wurare daban.

Sai ma'aunin OntoQA na shekarar 2005. Ƙirga alaƙoƙin da ba na "wannan nau'in wancan ne" ba, ka raba da jimillar alaƙoƙi duka. A ce akwai alaƙar nau'i 800, sauran 200, sakamako 0.2 ke nan. In sakamakon yana kusantar sifili, to jerin sunaye kawai ka samu. Ba zai gaya maka wace ƙwaya ce ke haddasa wace cuta ba. In rarraba takardu ne aikinka, hakan ya wadatar. In tambayoyi za ka yi masa, bai isa ba.

Daga nan buɗe fayil ɗin ontolojin a Protégé, manhajar da ake tsara ontoloji da ita, ka kunna manhajar tantancewa, mai gano rukunan da ke cin karo da kansu, kamar ELK ko HermiT. ELK kan gama da SNOMED CT cikin daƙiƙoƙi, amma HermiT na iya ɗaukar dogon lokaci a kan babban fayil. Duk rukunin da ya fito ja yana cin karo da kansa, kuma ya kamata adadinsu ya zama sifili.

Na ƙarshe, ɗebo kalmomi 100 daga bayananka, kamar sikila da sanƙarau, ka ƙirga nawa suka samu gurbi a kowanne.