Sharhi kan doctest: ya kama abin da muke cewa kowa ya sani

Duk mai rubuta littafin koyar da Python da Hausa, ina ba shi shawara ya jona doctest, wato kayan aikin gwada misalan da aka rubuta, tun a babi na farko. Tare yake zuwa da Python, ba sai ka sauke komai ba. Yana bin fayil ya tsinto duk layin da ya fara da >>>, ya gudanar da shi, sannan ya gwada sakamakon da abin da ka rubuta a ƙasansa. Ka buga python -m doctest babi2.md. In ya yi shiru, misalanka sun ci.

Inda ya burge ni sosai shi ne batun sorted(). Darussa da yawa cewa suke wannan umarni yana jera kalmomi bisa tsarin abacada, marubuta kuma suna kwafa ba tare da sun gwada ba. To, ba shi "ƙasa", "kai", "lafiya" da "zuma", ka rubuta cewa ƙasa za ta biyo bayan kai. Nan take doctest zai ƙi amincewa, domin Python can ƙarshe yake jefa ƙasa, bayan zuma. Dalili kuwa ba haruffa yake dubawa ba, lambar Unicode yake bi, wato lambar da kwamfuta ke ba kowane harafi: z tana 122, ƙ tana 409, ɓ 595, ɗ 599. Ka ga har ƙ ta riga ɓ da ɗ, abin da ba Bahaushen da zai yarda da shi. Gyaran ba wuya: ka ba sorted() wani key, wato umarnin da zai bi wajen jerawa, da zai mayar da ƙ zuwa "k{", ɓ zuwa "b{", ɗ zuwa "d{", saboda alamar { lambarta 123, tana bin z kai tsaye. Kar ka manta da lower(), mai mayar da haruffa ƙanana, in ba haka ba manyan baƙaƙe za su hau gaba. Haka ma zancen harafi ɗaya bayit ɗaya ne: len("ƙasa") zai ba ka 4, amma in ka juya ta zuwa UTF-8, bayit 5 za ka samu.

Sai dai fa doctest yana da taurin kai. A fayil ɗin Markdown (.md), in ba ka bar layi fanko kafin alamar rufe misali ba, sai ya ɗauki ``` ɗin a matsayin ɓangaren amsa, ya kayar da misalin da ba shi da aibi. Sarari ɗaya a ƙarshen layi ma ya isa. Wanda ya fi ban haushi shi ne set na kalmomi, wato tarin da ba shi da tsayayyen jeri: jerinsa na iya canzawa a kowane gudu, yau ya ci gobe ya faɗi, sai ka naɗe shi da sorted() ko ka tsayar da PYTHONHASHSEED, saitin da wannan jeri ya dogara da shi. Don haka ba zan ba shi manhaja sukutum ya gwada ba, aikin pytest ne wannan, wani kayan gwajin daban. Gajerun misalan littafi kuwa, kada babi ya tafi ɗab'i bai bi ta hannunsa ba.