Na jona Strudel da tsohon kibod ɗina, ga yadda ta kaya

Jama'a wata biyu kenan ina amfani da Strudel kuma gaskiya abin ya shiga raina sosai. Shafi ne kawai, strudel.cc, ka buɗe a burauza ka fara rubuta kiɗa, ba sai ka saukar da wata manhaja ba balle rajista, kuma kyauta ne. Asalinsa daga TidalCycles ne, wata manhajar rubuta kiɗa ta Alex McLean ɗan Ingila, a 2022 shi da Felix Roos suka fara wannan na burauza da JavaScript.

Ni abin da ya ja ni shi ne MIDI, wato hanyar da kwamfuta ke aika wa kayan kiɗa umarnin abin da za su kaɗa. Ina da wata tsohuwar kibod Yamaha PSR irin wadda ke cike a situdiyoyinmu, ta daɗe a jingine tana shan ƙura, sai na jona ta da laftof da wayar USB irin ta firinta, na rubuta note("c3 e3 g3").midi() na danna Ctrl da Enter, Chrome ya nemi izini na ba shi, wallahi sai ga kibod tana kiɗa ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. Ƙanwata da ke wanke-wanke a tsakar gida har ta leƙo, hannunta duk kumfa, wai "Yaya waye ke kiɗan?"

Daɗin abin shi ne kiɗan ba ya tsayawa. Yana cikin juyawa za ka canza harafi ɗaya ka sake dannawa, nan take sabon ya hau kan na da, bugun bai kuskure ba. Ganga kuma na tura ta layin MIDI (channel) na 10, nan ne mazauninta a tsarin da ake kira General MIDI. Akwai wata dabara da na fi so, in ka rubuta (3,8) bayan sunan sauti zai raba bugu 3 cikin gurbi 8, sai ka ji wani tsalle da kunnenmu ya riga ya sani. Na yi ta neman muryar kalangu da shi har tsakar dare, bugun ya zo amma matsewar nan ta hammata da ke sa kalangu magana sai dai hannun makaɗi.

Tunda sautin daga kibod yake fitowa, data ba ta wani tafiya, wannan ma riba ce.

Sai dai fa Safari ba ya ɗaukar Web MIDI, wato MIDI ta cikin burauza, masu iPhone sai su nemi kwamfuta. Darussan kuma da Turanci suke, ina fata a samu mai fassara mana su. Laftof ɗina ya tsufa, in na buɗe shafuka da yawa kiɗan kan ɗan yi tuntuɓe, yanzu sai na rufe komai kafin in fara. Ctrl da ɗigo ke tsayar da kiɗa, ka haddace shi tun ranar farko, musamman in sifikarka na da ƙarfi kuma maƙwabta sun kwanta.