Na kai jitata an sake mata fenti an tsufar da ita: ga yanda aikin ya fito

Jama'a masu tambayata a kan Strat ɗin nan, wato jitar lantarki ta Stratocaster ta kamfanin Fender, mai ruwan sararin samaniya da na ɗora hotonta, ba ta 1962 bace, ni wa zai bani kuɗin wannan. Ta Meziko ce, irin wadda Fender ke yi a Ensenada, gwanjo na saye ta a nan Ingila, baƙa ce wuluk da farko mai ƙyalli. Wani dattijon bature ne mai ɗan shago shi kaɗai a bayan gidansa ya kankare ta ya sake mata fenti ya kuma ɗan tsufar da ita, aikinsa kenan ba ya wani abu. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai inda zan yaba akwai inda zan ɗan taɓa shi.

Ga wanda bai san harkar ba, abun ya samo asali ne daga irin fentin da ake yi da. Lokacin da Leo Fender, mai kamfanin, ya fito da jitar Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954 can Fullerton ta jihar Kalifoniya, fentin naitiro suke fesawa, wato naitiroselulos, irin wanda DuPont suka fito da shi don motoci tun shekarun 1920. Fenti ne siriri, yana ƙara bushewa yana ƙara ƙanƙancewa da shekaru, rana ta taɓa shi yayi rawaya, sanyi ya buge shi ya tsattsage, gumi ya cinye shi. Bayan kafar yaɗa labarai ta CBS ta sayi kamfanin a 1965, zuwa ƙarshen shekarun 1960 sai aka koma fentin poli mai kauri, shi wannan ko shekara talatin yayi yana nan yanda yake, in ya bugu ma ɓallewa yake kamar kwalba, ba ya sanin tsufa. To mutane suka ga tsofaffin jitocin shahararrun makaɗa irin ta Rory Gallagher ta 1961 da fentin ya zube kusan duka, da ta Stevie Ray Vaughan da yake kira Number One, suka ce su ma irinta suke so, kuma na asalin kuɗinsu ya fi ƙarfin kowa. Baƙar Strat ɗin David Gilmour kaɗai dala miliyan 3.9 da ɗoriya aka sayar da ita a 2019. Shine Fender Custom Shop, sashen kamfanin mai ƙera jitoci na musamman, suka fara sayar da sababbi da aka tsufar da gangan a 1995, suka sa musu suna Relic, wani Vince Cunetto ne yake musu aikin a shekarun farko. A 2009 suka kawo Road Worn masu ɗan sauƙin kuɗi, kamfanin jita na Gibson ma yanzu suna da nasu Murphy Lab da sunan Tom Murphy. Ƙananan masu shago irin dattijon nan su ne suke yiwa irinmu da ba mu da kuɗin Custom Shop.

Kalar da na zaɓa Sonic Blue ce. Abun da zai baka dariya, kalolin Fender irin wannan kusan duka na motoci ne, Fender ɗauko su kawai suka yi daga littafin fentin motocin Amurka, Sonic Blue ta Cadillac ce, Fiesta Red ta Ford, a lokacin in kana son irinsu maimakon wadda aka saba sai ka ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin jitar. Don haka duk mai fentin mota na kirki a Kano ko Yamai in ka nuna masa zai gane aikin, feshi ne da tina da sanfefa da haƙuri.

Farkon abun da ya burge ni da mutumin shine bai karɓi jitar ya ce tafi ka dawo ba. Cewa yayi in rataya ta in kaɗa masa, ya zauna yana kallon hannuna, inda damtsena yake kwanciya, inda babban yatsana yake zama a bayan wuya, ko ina yawan hawa sama ko a ƙasa nake zama. Sannan ya gaya mini gaskiyar da ban so ji ba, wai in aka cire baƙin fentin zan ga katakon ba guda ɗaya bane, guntaye ne aka haɗa da gam, don haka in manta da irin fentin da ake hango jijiyar katako ta ciki, in zaɓi kala mai rufewa. Kuma haka aka tarar. Cire baƙin polin da ta zo da shi ma kansa aiki ne, da bindigar zafi da ƙarfen kankara yake bi a hankali don kar katakon ya ƙone, ya turo mini hoton abun da ya fita tuli guda.

Daga nan sai shafin farko mai toshe katako, sai fari a ƙasa, sai shuɗin, sai fenti garai-garai a sama da ya ɗan surka masa ruwan zuma kaɗan. Wannan na saman shine sirrin, don shi ne yake yin rawaya a tsofaffin jitoci har shuɗi ya juya ya fara kama da kore, mutane da yawa suna ganin tsohuwar Sonic Blue su rantse Surf Green ce. Shi bai cika ba, ya bar ta shuɗiya mai ɗan dusashewa, kuma in ka cire farantin robar gaba za ka ga kalar ƙarƙashi ta fi haske tunda can rana ba ta kaiwa. Ba wanda zai taɓa ganin wurin sai ni ranar da zan gyara waya, amma yayi. Irin wannan ne yake sa ka yarda da mutum.

Tsagewar fenti kuma hanya biyu ake yinta, ko da reza a zana layukan da hannu ko a dumama jikin a buga masa sanyi farat ɗaya ya tsage da kansa. Wasu gwangwanin iska suke juyawa kai ƙasa su fesa, sai tsagar ta fito zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo, daga nesa ka san na ƙarya ne. Shi firiza yake sawa, layukan sun fito dogaye sirara yawanci suna bin gefe ɗaya, sai ka karkata ta wajen haske kake ganinsu. Nan kam ba ni da ta cewa.

Amma inda kuɗina ya halatta gaba ɗaya shine bayan wuya. Wallahi in da wannan kaɗai ya mini da ban yi asara ba. Da can in hannuna yayi gumi sai ya dinga mannewa a polin nan, kana so ka zame sai ya cije maka. Yanzu ya goge shi har kusan katako daga sama zuwa wajen tsakiya, ya ɗan shafa masa wani abu mai duhu da mai, ya fito kamar ƙotar fartanyar da ta shekara goma a hannun manomi, santsi ba na fenti ba, santsin hannu. Ya kuma ɗan kashe kaifin gefen allon da ake dannawa, sai ka ji yatsunka sun zauna. Kaɗe-kaɗen da nake so irin na Agadas ne, su Bombino da Mdou Moctar, waƙa ɗaya sai ku yi minti goma kuna juyawa a wuri ɗaya hannu na ta zirga-zirga, to a nan ne za ka san bambancin wuyan da yake riƙe ka da wanda yake sake ka.

Yanzu inda muka saɓa. Na ce masa tsufa kaɗan nake so, irin na jitar da aka yi amfani da ita ana kula da ita. Gaba yayi daidai, ɗan gogewa inda damtse yake, 'yan ƙwarzane a gefe, ɗan ɓalli kusa da ramin da ake soka waya da wajen maɓallin rataya. Da na juya baya sai na ga wani faffaɗan wuri da ya cinye har katako. Na ce Baba wannan fa? Ya ce ai nan ne kan bel yake ci. To ni da jamfa nake kiɗa a biki, wani lokacin har da babbar riga, ina na ga kan bel irin na kaboyi? Tabon nan labarin wani ne can a mashayar Texas, ba nawa ba. Ya zauna ya kalli hannuna tsaf amma bai tambayi me nake sawa ba, ya ɗauka kowa jins da bel ne. Ya bada haƙuri, ya ce zai iya rufewa amma sai an sake feshin bayan gaba ɗaya an sake jira, na ce barshi, ba mai gani. Ya so ma ya mini tabon ƙunar sigari a kan jitar irin na Blackie ɗin Eric Clapton, Allah ya sa wannan ya tambaya tukuna, na ce a'a ban taɓa sha ba ba kuma zan bari jitata ta mini sharri ba.

Na biyu ƙarafuna. Turirin asid ake bari ya bugi ƙarfe a cikin rufaffen mazubi sai ya dushe yayi tsatsa-tsatsa, wasu da ruwan khal suke yi. Maɓallan ɗaure tsirkiya sun fito da kyau, sun dushe kawai. Amma ƙananan sukurorin da ake ɗaga tsirkiya ko a sauke ta da su sun sha da yawa, biyu sun ƙi juyawa, kuma sabuwar tsatsa ja ce fes, ta tsohon ƙarfe duhu take yi. Sai da na jiƙa su da mai, ƙarshe dai sababbi na saya na sa. Tsatsa a wurin da ake buƙatar juyawa ba ado bane, matsala ce, ya kamata a ce mai wannan sana'a ya san haka.

Na uku jira. Naitiro yana son makonni yana bushewa kafin a goge shi, wannan na sani ba laifinsa bane, wanda ya maka cikin sati ɗaya ma ka ji tsoronsa don fentin zai yi laushi ya kwashi shatin duk abun da ya taɓa. Amma lokacin da ya faɗa ya wuce sosai, kuma mutum ne da ba ya duba waya, ka tura saƙo sai ka manta ka tura sannan amsa ta zo, kalma uku. Kuɗin kuma ba wasa, ya kusa kamo abun da na sayi jitar kanta. Uwargida da ta gani ta ce, yanzu Malam kuɗi ka biya a lalata maka abu? Na ce ba za ki gane ba. Ta ce ai kuwa ba zan gane ba.

Batun sauti, don na san za a tambaya. Akwai masu cewa naitiro yana barin katako yayi numfashi sai sauti ya buɗe. Ni dai ban ji ba. Fikof ɗina, wato na'urorin da suke ɗaukar sautin tsirkiya, su ne na da, amfilifaya ita ce ta da, in na rufe ido jitata ce dai. Ta ɗan rage nauyi tunda an sauke mata wancan kaurin, in ba a jona ta ba kamar tana ɗan ƙara amo, amma ina zargin kunnena ne yake so ya faranta mini tunda na kashe kuɗi. Ko a tsofaffin Fender na shekarun 1960 ma akwai wani shafi mai tauri da suke sawa a ƙarƙashi, Fullerplast, to ta ina numfashin yake fita? Shi kansa dattijon da na masa maganar dariya yayi ya ce in sauti kake so canza fikof. Na ji daɗin wannan, da wani ne da ya cika ni da surutu.

Wani abu kuma da na girmama shi a kai, ba ya manna tambarin Fender a kan jitar da ba Fender ba ko nawa za ka bashi, don da irin haka ake damfarar mutane, a haɗa sabuwa a tsufar a sayarwa wani a matsayin ta 1960 da wani abu. Kuma in ka kawo masa tsohuwa ta gaske mai fentin asali ya ce ba ya taɓawa, komai munin da tayi, tunda sake fenti yana iya zubar da kusan rabin darajarta a kasuwa.

Masu niyyar kai irinta gida ku kula, fentin nan shagwaɓaɓɓe ne. Robar da ke jikin wasu sandunan jingina jita tana narka shi ta bar baƙin shati, sai ka naɗa tsumma a wurin. Man shafawa na korar sauro mai DEET yana cin sa, turaren fesawa ma kar ka fesa kana rataye da ita, mu kuma kun san mu da turare. Kar a bar ta cikin mota a rana. In lokacin hunturu ne ka fito da ita daga sanyin asuba zuwa wuri mai zafi, bar ta cikin akwatinta ta ɗan huce tukuna, in ba haka ba za ta ƙara tsagewa da kanta. Ko da yake in za ka kai ta Agadas ko Damagaram ka dinga bin bukukuwa da ita a bayan Hilux cikin ƙura da rana, to kar ma ka biya kuɗin tsufarwa, ka ce a fesa maka naitiro sabo fil ka tafi, sauran aikin za a yi maka shi kyauta.

Zan sake komawa wurinsa? Eh, akwai Telecaster ɗin da nake so in kai, amma wuya kawai zan cire in bashi, gangar jikin da ƙarafunan suna gida. In kuma kai za ka kai taka gaba ɗaya, ko wurinsa ko wurin wani, ka rubuta masa a takarda wuraren da kake so a taɓa da waɗanda ba ka so, ka ce kar asid ya kusanci sukurorin saiti, sannan ka tafi da kayan da kake kiɗa da su a jikinka ya gani.