Kayan haɗin roka na kwali, girman BT-60: sai an gyara su da yanayin Yamai

Saitin haɗa ƙaramar rokar wasa da ake magana a kai abu uku ne: bututun jiki na kwali, guntun bututun haɗi da ke shiga cikinsa don haɗa shi da wani bututun, da hular roba ta kan rokar, wadda wuyanta ke shiga bakin bututun. Sunan BT-60 ma'aunin kamfanin Estes ne na Amurka, faɗinsa ta waje milimita 41.6, ta ciki 40.5, wato kaurin bangon kimanin rabin milimita ne. Ba shi da nauyi, kuma kayan sun dace da juna a ma'auni. Amma wanda ya buɗe kwali ya ɗauka zai haɗa ya harba ranar, bai san kwali a ƙasar nan ba.

Takarda tana shan raɓa. Haɗin da aka daidaita a hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, idan Agusta ta zo sai ya kumbura ya cije. Wanda aka daidaita da damina kuwa, a watan Janairu sai ka ga hula na rawa. Hular roba ba ta canzawa, bututun ne ke motsi. Shi ya sa gyaran ƙarshe a filin harbi ake yin sa.

Gwajin mai sauƙi ne. Sa laimar da ke sauko da rokar a hankali da igiyarta a ciki, rufe, ka kifa rokar kai ƙasa. Kada hular ta faɗo da nauyinta, amma idan ka girgiza da ɗan ƙarfi ta zame. In ta yi sako-sako, tana iya rabuwa da jikin tun rokar na gudu, daidai lokacin da inji ya ƙare wuta, laima ta buɗe cikin gudu, igiya ta tsaga bakin bututun. In ta yi tsauri, bugun da inji ke yi a ƙarshe ba zai iya turo ta ba, laima ba za ta fito ba, roka ta dawo kai ƙasa.

Inda kayan suka fi rauni shi ne bakin bututu. Bayan an cire hula an mayar sau da yawa, takardar ciki tana tashi kamar gashi. Maganinsa sufa gulu mai ruwa-ruwa: zagaya shi a cikin bakin, zurfin santimita 2 zuwa 3, a bar shi ya bushe sarai, sannan a naɗe samfefa mai lamba 220 a kan guntun itace mai zagaye a goge, a ƙarasa da 400. A yi shi a tsakar gida, tururinsa na yaji a ido. Kowane goge biyu ko uku a gwada, don abin da samfefa ta ci ba ya dawowa. In har yanzu yana ɗan cijewa, garin bakin fensir ko hodar jarirai ya isa. Man shafawa kada a kusanta shi, kwali zai sha, ƙurar hunturu kuma ta manne.

In ya yi sako, sikocin takarda irin na masu fenti ake sa wa wuyan hula. Guntaye uku a tsaye, a raba su daidai a kewaye, sun fi zagaye guda, don ana iya ƙarawa ko ragewa ɗaya-ɗaya. Baƙin sikocin masu lantarki bai dace ba: zafin Afirilu ya haura digiri 40, gam ɗinsa ya narke ya riƙe haɗin. Samfefa da sikocin masu fenti duk ana samu a kantunan kayan gini na kasuwar Katako, sai dai a duba lambar samfefar a bayanta, yawancin wadda ake miƙo wa mutum ta kafinta ce mai kaushi.

Kafin a biya kuɗi a tambayi tsawon bututun haɗin. Gajere na liƙewa dindindin ne. Na wurin rabuwa, wato inda roka ke rabewa biyu laima ta fito, ɓangaren da ke zamewa ya shiga aƙalla faɗin jiki guda, kimanin santimita 4, rabin da ake liƙewa ma haka, jimla 8. Ƙasa da wannan roka na lanƙwashewa a gaɓa. Wajen liƙewa a ja layi da fensir a tsakiya, a tura shi da turi ɗaya har layin. Farin gam na kafinta yana kama kwali nan take, wanda ya tsaya a rabin hanya sai dai ya yanke bututun.

Masu son maye gurbin bututun kwalin da tiyon PVC don araha, nauyinsa ya yi yawa, in ya fashe kuma tsini-tsini yake watsewa. Kwalin ya cancanci kuɗinsa ga wanda zai riƙa yawo da sikoci da samfefa a jaka, ya kuma goge toka daga cikin bakin bututu da busasshen tsumma bayan kowane tashi.