Inshorar kamfanin jirgin ruwa ko ta waje?

Mai shirin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa daga Basalona ta ƙasar Sifaniya zaɓi biyu gare shi. Inshorar kamfanin jirgin ba wahala, tare da tikiti ake sayenta. Sai dai galibi iyakarta abin da ka biya kamfanin, tikitin jirgin saman da ka yanka daban daga Abuja ba ruwanta.

Ni dai ta kamfanin inshora mai zaman kansa na fi so. Likitan cikin jirgi sai da kuɗi, kuma idan ciwo ya yi tsanani a tsakiyar teku, kai marar lafiya asibiti da mayar da shi gida yakan ci dukiya. Ka duba takardar ta ambaci jirgin ruwa ƙarara. Bizar Shengen ma, wadda ake shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai da ita, sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin jinya na aƙalla Yuro 30,000.