Sharhi Kan Wani Shagon Gyara da ke Karɓar Tsohon Talabijin Mai Doro a Kano

Gidaje da dama a Kano har yanzu suna ajiye da tsohon akwatin talabijin mai doro, irin su Sharp da National da Sony, wanda filasma ta kore shi daga falo alhali bai lalace ba, sai aka lulluɓe shi da tsohon zani aka tura shi sito. Mai shi ba ya son jefar da abin da yake aiki, dillalan kayan gida ba sa taya shi, 'yan'uwa kuma idan aka yi musu tayinsa sai su yi godiya su ce ba su da wurin ajiyewa. Wannan sharhi ya shafi wani shagon gyaran talabijin da rediyo da ke wajen Sabon Gari, inda na kai Sharp mai inci 21 da ya daɗe a falon mahaifinmu, domin shagon yana cikin 'yan kaɗan da har yau suke karɓar irin waɗannan akwatuna, su duba lafiyarsu, sannan su nema musu wanda zai ci gaba da mora.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mai shagon yake gwaji kafin ya ce ya karɓa ko bai karɓa ba. Bai wadatu da cewar da na yi masa talabijin ɗin lafiyarsa ƙalau ba. Ya jona shi a sitabilaiza, ya haɗa masa dikoda da wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ya bar shi yana aiki ya koma kan wata rediyo da yake gyarawa, domin a cewarsa yawancin cututtukan tsohon talabijin ba sa bayyana sai ya ɗauki zafi. Da ya dawo kansa, sai ya duba kusurwoyi huɗu na fuskar ko akwai tabon kore ko na shuni, wanda ke nuna an taɓa ajiye sifika ko wani abu mai maganaɗisu kusa da shi. Ya duba ko hoton ya tsuke daga sama ko daga ƙasa. Ya kara kunnensa a bayan akwatin yana sauraron ko akwai tsatsa irin ta wutar da ke yoyo. Sannan ya bubbuga gefensa da tafin hannu, domin idan hoto ya yi rawa, to akwai liƙin dalma da ya saki a kan allon cikinsa. Namu ya yi rawa kaɗan, kuma a nan take ya kwance bayan akwatin ya sake liƙe wuraren.

A wajen kwancewar ne na ga bambancin gwani da ɗan koyo. Kafin ya bar yaron shagon ya kai hannu ciki, sai da ya ɗauki sukudireba mai waya a ɗaure, ya maƙala ɗaya bakin wayar a jikin ƙarfen akwatin, ya zura tsininta ƙarƙashin wata roba mai faɗi da ke manne a jikin kwalbar, wato babban gilashin nan da ke fitar da hoto, aka ji ƙara tas. Talabijin mai kala yana aiki da wutar da ta kai kimanin bolt 25,000 a wannan wuri, kuma kwalbar tana iya riƙe wani ɓangare na wutar ko da an zare soket. Wannan kaɗai ya isa hujja a kan cewa bai kamata a bar yara su buɗe shi a gida da sunan neman waya ko sifika ba. Bayan haka yaron ya hure ƙurar hunturu ta shekaru da ta yi kauri a kan allon, aka mayar da sukurori, aka sake kunnawa.

Tambayar da na fi damuwa da ita ita ce ina akwatin zai tafi. Mai shagon ya nuna mini wani littafi da yake rubuta masu jiran irinsa, kuma mutanen da ke ciki su ne waɗanda duk mazaunin unguwa zai zata: masu shayi, masu aski, masu gadi, 'yan ƙauye da suka shigo cin kasuwa, da kuma masu ɗakunan wasan gem, waɗanda suka fi kowa son mai doro saboda tsofaffin na'urorin PlayStation sun fi dacewa da shi, ga shi yana jure bugu da ƙura da zafi fiye da filasma. Idan mai talabijin yana son ya sayar, shagon zai biya shi, amma kuɗin kaɗan ne ƙwarai, da ƙyar ya wuce abin da aka kashe wajen ɗauko shi. Idan kuwa kyauta yake son bayarwa, kamar yadda muka zaɓa domin ladan ya kai ga mahaifinmu, mai shagon ba ya karɓar komai daga wanda aka ba sai kuɗin abin da ya canza a ciki, kuma yana kiran mai bayarwar ya gaya masa hannun da abin ya faɗa. Namu ya tafi wurin wani dattijo mai gadi, wanda ya kira ni da kansa ya yi ta sa albarka.

Akwai wani abu da shagon yake bayyana wa kowane mai karɓa, kuma na yaba da hakan, domin wani zai iya yin shiru a kansa. Tsohon talabijin an ƙera shi ne domin kama tashoshi ta tsohuwar hanyar eriya, ita kuwa Najeriya ta fara sauya sheƙa zuwa tsarin dijital tun daga Jos a 2016, aka zo Abuja da Kaduna, sannan Kano a 2021. Saboda haka wanda aka ba mai doro ba tare da dikoda ba, kusan rabin kyauta aka yi masa. Abin farin cikin shi ne yawancin dikodojin da ke kasuwa, na StarTimes da GOtv da masu kama tauraron ɗan'adam kyauta, suna da ramukan wayoyin nan uku, don haka akwatin da ke da su a baya ko a gefe zai yi shekaru yana aiki. Wanda ramin eriya kaɗai gare shi, mai shagon yakan karɓe shi ne a matsayin kayan gyara, kuma yana faɗin haka tun da farko. Haka nan ba ya ɓoye wa mai amfani da sola cewa mai doro ya fi filasma irin ta yanzu shan wuta nesa ba kusa ba, har yakan ce wa mai ƙaramin batir gara ya haƙura.

Ba za a fahimci darajar wannan aiki ba sai an kwatanta shi da hanyar da yawancin mutane ke bi, wato miƙa akwatin ga 'yan jari-bola da ke zagaya unguwa da kura. Ba na ganin laifinsu, domin sana'arsu ta raba lunguna da tarkace mai yawa, amma su ba hoto suke saye ba, jan ƙarfe suke nema. Abin da ke da kuɗi a wurinsu shi ne naɗin waya da ke wuyan kwalbar, da wanda ke zagaye da bakinta, da allon ciki, da sifika. Hanya mafi sauri ta ciro su ita ce a fasa wuyan da guduma, sauran gilashin kuma a watsar a bola ko a kwata, wani lokaci a ƙona robar wayoyin domin a fito da ƙarfen. Gilashin bayan kwalbar an cakuɗa shi da dalma domin ya tare hasken da ke cutar da mai kallo, kuma akwati ɗaya yana iya ɗauke da kilo ɗaya zuwa biyu na dalmar, manya ma su wuce haka. Muddin kwalbar tana nan ɗungurungum, dalmar tana ɗaure a cikin gilashi. Da zarar an farfasa ta, ruwan sama da ƙasa suka yi ta cin gutsattsarin, sai ta fara tsiyaya. Mu a Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma, tun bayan abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, ko da yake can daga duwatsun haƙar zinare ta fito.

Sai dai shagon yana da nasa naƙasun, kuma ba ƙanana ba ne. Ba ya zuwa ɗauka a gida, alhali mai inci 21 ya haura kilo 20, mai inci 29 kuwa yana kusantar ninki biyu na haka, ga nauyin duk a gaba yake, sai an rungume shi fuska tana jikin ƙirji. Dole mutum ya ɗauki shatar A Daidaita Sahu, ya shimfiɗa bargo, ya riƙe abin da hannu har a isa. Wurin ma ƙunci gare shi, akwatuna jibge har rufi, shi ya sa a wasu lokutan mai shagon yakan ce a dakata sai ya rage na hannunsa. Ba ya bayar da rasit, littafin nan shi ne kaɗai shaida.

Babban abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da na gani a bayan shagon: matattun kwalabe a jere jikin katanga, wasu sun tsage, ruwa ya taru a cikinsu. Na tambaye shi yadda yake yi da su, ya ce babu mai sayen gilashin, kuma idan suka yi yawa, 'yan gwangwan ɗin nan dai su ne ke kwashewa. Wato hidimarsa tana ƙarewa ne a ranar da kwalba ta mutu. Wannan giɓi ya fi ƙarfin mai shago ɗaya. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin sharar kayan lantarki tun 2011, an kuma kafa ƙungiyar EPRON a 2018 domin kamfanonin da ke ƙerawa da shigo da kayan su ɗauki nauyin tattara su idan sun tsufa, amma kamfanonin da aka fi sani da sarrafa irin wannan shara bisa ƙa'ida a Legas suke, kuma babu magidancin da zai yi wa tsohon talabijin kuɗin mota daga Kano zuwa can.

Ga wanda akwatinsa ke aiki, kuma burinsa ya ga wani ya amfana da shi, ina ganin wannan shago da ire-irensa sun fi kowace hanya da muke da ita a yanzu. Zai fi kyau a fara kira a ji ko akwai wuri, a kunna talabijin ɗin a gida tukuna a tabbatar yana kawo hoto da murya, sannan a haɗa da rimot ɗinsa, domin mai shagon ya ce samun rimot na asali ya fi samun akwatin wuya. Idan akwai tsohuwar dikoda da ba a amfani da ita, a ɗora a kai. Wanda kuwa fuskarsa ta tsage, ko hotonsa ya dushe har ba a gane fuskar mai karanta labarai, shagon ba zai karɓe shi a matsayin kyauta ga kowa ba, sai dai ya cire allon da sifikar ya ajiye domin gyaran wani.